Gimbiya a Rabin Duro

Mai Hoto ba marowaci ba ne, wannan kowa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne, kuma ƙarami: bai iya cewa a'a ba, bai kuma iya cewa to ba. Duk abin da aka roƙe shi, sai ya karkata kai kamar yana saita fuska a kyamara, ya ce, "Bari mu gani." Da wannan bari mu ganin ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, ya kuma hana matarsa tsawon taƙi ɗaya na shukar da ita ce ta dasa da hannunta.

Shukar fulawa ce irin mai yaɗo, wadda ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ganye kawai ta iya. Ganyen mai siffar zuciya ne, kore shar, da ratsin ruwan ɗorawa kamar an yarfa masa fenti da gangan. Tana zaune cikin rabin duro a ɗan filin da ke bayan shagonsa, kusa da famfo, inda aka rufe sama da irin kwanon nan mai barin haske ya wuce. Daga duron ta kama bango ta hau, ta bi ƙusoshi da zaren da ya yi ta kafa mata, ta juyo, ta sake hawa, har bangon ya ɓace. A gabanta ya ajiye benci. A kan bencin nan rabin garin ya zauna ya yi murmushin dole: amare da angwaye, ɗalibai cikin rigar aro, sababbin ma'aikata masu matse wuya, jarirai masu ihu, da tsofaffin da 'ya'yansu suka kawo don a samu abin ratayawa a bango kafin ta Allah ta kasance.

Mai Aski, maƙwabcinsa na shago, shi ya raɗa mata suna Gimbiya, wai a duk layin ita kaɗai ce mai bawa nata na kanta. Ba ƙarya ya yi ba. Kullum Mai Hoto ya buɗe shago, kafin shara, kafin ya kunna fitila, sai ya cika kofin roba ya zuba mata a hankali, gefe-gefe, sannan ya bi ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya kai hannu zai taɓa, yaro ko mai furfura, sai ya ji gyaran murya daga bayan kyamara.

Asalinta daga tagar surukarsa take. Inna, mahaifiyar matarsa Malama, ita ke renon ta a wata tsohuwar tukunya. Da Inna ta rasu aka sayar da gidan, 'yan'uwa suka raba gado da kwanuka, Malama kuwa ta yanko ɗan reshe ta naɗe a jiƙaƙƙen hankici ta taho da shi. Lokacin suna sabon aure, ɗakin da ke bayan shagon shi ne gidansu. Ta tsoma reshen a kwalba har ya yi saiwa, ta dasa a gwangwanin madara, daga gwangwani zuwa bokiti, daga bokiti zuwa rabin duro. Shi a lokacin dariya yake mata, yana cewa ina amfanin ganyen da ba a miya da shi. Sai wata rana ruwan sama ya lalata masa labulen bayan hoto, wanda aka zana wa jirgin sama da dogon bene, ga mutane suna jira. Ya zaunar da su gaban shukar don ba yadda zai yi. Washegari suka turo 'yan'uwansu, kowa yana cewa a ɗauke shi a wurin ganyen nan. Tun daga ranar ganyen da ba a miya da shi ya samu muƙami.

Da yara suka yi yawa suka koma haya a wani bene mai baranda, can wata unguwa. Gimbiya ta riga ta riƙe bango, aka bar ta. Malama, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta cika barandarta da tukwane, ta kuma ce ya yanko mata kaɗan daga ta Inna.

"Bari ta ɗan ƙara cika," in ji shi. "Gefen hagun nan akwai rami, zai fito a hoto."

Shekara ta zagayo, gefen hagu ya cika, aka samu rami a dama.

Sau ɗaya ta zo da almakashi. Ta taso daga makaranta ta biyo ta shagon, ta tarar da wasu 'yan mata da ta taɓa koyarwa sun zo ɗaukar hoton gama sakandare. Suka durƙusa suka gaishe ta. Ta wuce bayan benci, ta buɗe jaka.

"Malama, Malama!" ya ce daga bayan kyamara. "Kayan aiki ne fa wannan, ba lambun makaranta ba."

'Yan matan suka ƙyalƙyale. Shi ma ya yi dariya, don a ganinsa barkwanci ya yi, kuma ya yi kyau. Ita ma ta yi murmushi, ta mayar da almakashin, ta ja zif ɗin jakar. Ba ta sake taka filin bayan ba. Mace ce da abin da ta roƙa da baki ba za ta ɗauka da hannu ba. Roƙon ma ya koma na jefi-jefi, kamar gaisuwar dangin nesa. Autarsu ta taɓa sayo mata irinta sak a wurin masu fulawar bakin titi. Malama ta yi godiya, ta dasa, ta kuma kama. Amma da Auta ta ce to yanzu magana ta ƙare, sai ta ce, "Irinta ce, 'yata. Wannan dai ba ta san Inna ba."

Haka aka yi ta tafiya har ranar da mai ginin ya zo da kansa, ya zauna a kan bencin, ya yaba ganyen, ya tambayi iyali, sannan ya ce an sayar da layin gaba ɗaya. Rushewa za a yi a gina manyan shaguna, kafin damina kowa ya kwashe nasa. Mai Hoto bai ji zafin da ya zaci zai ji ba. Sana'ar ta daɗe da mutuwa, gawar kawai yake gadi. Kowa yanzu da kyamararsa a aljihu, sai dai mai neman hoton fasfo, shi kuwa farin bango yake so. Abin da ya faɗo masa a rai, tun mai ginin bai kai ƙofa ba, Gimbiya ce. Kuma a karon farko cikin shekaru ya ji ya yanke shawara ba tare da bari mu gani ba.

Ya tarar da Malama a baranda tana ɗinke wuyan wata riga.

"Malama, albishirinki."

"Goro."

"Gimbiya za ta dawo gida. Dukanta."

Ta soke allurar a jikin rigar. "Dukanta kamar yaya?"

"Da duronta, da rassanta, da kowane ganye. Bangon nan naki zai ɓace."

"Baban Auta, tsohuwar shuka ba ta son ƙaura. Ka yanko tun yanzu. Ka duba ƙasan kowace gaɓa, za ka ga wani ɗan ƙurji baƙi-baƙi, saiwa ce ke jiran ruwa. Ka yanka ƙasa da shi kaɗan, ka bar ganye ɗaya ko biyu, mu jera a kwalabe. Kafin ranar tashi sun yi saiwa. In uwar ta tsira, riba ce. In ba ta tsira ba, ga 'ya'ya."

"Ikon Allah. Shekara da shekaru kina roƙon tsinke, yau na ce ga gungume, kina cewa a daddatsa."

"Ni tsinken na roƙa."

"To ai tsinken yana cikin gungumen."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ni dai na faɗa maka."

"Bari mu gani," in ji shi, don hali zanen dutse ne.

Gaskiyar maganar, wadda bai faɗa mata ba, bai ma faɗa wa kansa sosai ba, ita ce ɗan reshe a kwalba ya yi masa ƙanƙanta. In ya hawo bene da abin da bai wuce tsawon yatsu ba, to ya nuna ke nan cewa tun farko haka abin yake da sauƙi, almakashi ɗaya, minti ɗaya. Shi kuwa so yake ya hawo da bango guda na ganye, maza suna nishi a matakala, maƙwabta suna leƙe, Malama ta dafe ƙirji. Ya lissafa cewa babbar kyauta ɗaya za ta shafe ƙananan hani masu yawa. Bai taɓa ƙwarewa a lissafi ba.

Ranar kwasa ya fara da bango. Bai san ta riƙe haka ba. Kowace gaɓa ta fitar da 'yan yatsu ta cusa cikin fenti da siminti, in ya ja sai su tsinke, tas, tas, ko su taho da ɓawon bango. Ya yi ta naɗe rassan kamar igiyar guga yana jerawa a kan wani tsohon zanin gado. Sai da ganyen ya sauko ya ga abin da ke ƙarƙashi: dogayen rassa tsirara kamar wayoyin lantarki, ba ganye ko ɗaya. Rashin yanka ya sa ta yi ta tsawo ba kauri, ganyen duk yana can ƙarshe, shi ne ya yi ta juyo da shi yana rufe tsiraicin ba tare da ya lura ba.

Mai Aski ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Ashe Gimbiya sanƙo gare ta," ya ce. "Da gashin gefe ake rufe tsakiya. Ɗan'uwa, ai da ka yi magana, wannan fannina ne."

"Zo ka kama duro, ka bar surutu."

Su uku suka kama, shi da Mai Aski da direban a-kori-kurar da ya ɗauko. Suka ɗaga. Duro ya ce bai san zancen ba. Suka gyara tsayuwa suka sake, ko motsi.

"Baba, siminti ka zuba mata ne?" in ji direban.

"Ƙasa ce da taki. Ku dai ba ku karya ba ne."

Direban ya ce a girgiza shi tukuna. Suka tura gaba, suka ja baya, suka tura da ƙarfi. Wani abu ya ce ƙas a ƙasa, duron ya kwanta gefe, Mai Aski ya zauna daɓas a cikin ruwan famfo.

Ramin da Malama ta huda da ƙusa a gindin duron, don ruwa ya riƙa fita, tsatsa ta cinye shi ya zama ƙofa. Ta nan wata saiwa mai kaurin hannun yaro ta fita, ta bi tsagar siminti ta nutse ƙasa, daidai inda ruwan famfo ke tsiyaya tun da aka gina wurin. Yanzu ga ta a karye, fara sol, tana ɗigar ruwa. Mai Hoto ya tura hannu cikin duron. Ba wata ƙasar kirki a ciki, sai dunƙulen matattun saiwoyi, busassu, kamar cikin tsohuwar katifa.

Mai Aski, daga inda yake zaune, ya fara dariya har da buga cinya.

"Wato duk kofin nan na kowace safiya! Wayyo cikina. Ashe Gimbiya da rijiyarta, kai shayi kawai kake kai mata!"

Ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya. Ya miƙe yana matse wando.

"Ɗan'uwa, bari in ɗauko almakashina. Mu yanka ko kaɗan ne, ka kai wa Malama yanzu-yanzu tun da ransu."

Mai Hoto ya dubi saiwar, ya dubi rassan a kan zani. Ya ga kansa yana hawa bene da 'yan tsinkaye a hannu, yana bayanin cewa abin da ta faɗa ya faru, kuma ko shayarwar da yake taƙama da ita ashe ta banza ce. Abu biyu a rana ɗaya sun yi wa mutum yawa.

"Bari ta farfaɗo tukuna," ya ce. "Shuka ce mai taurin rai."

Suka ɗora ta a bayan mota rana na tsaka. Shukar da tun tana gwangwani ba ta taɓa ganin rana ido da ido ba, ga ta kwance a kan ƙarfe mai zafi. Suka faɗa cunkoson motoci a bakin kasuwa, suka daɗe ba gaba ba baya. Yana leƙawa ta gilashin baya yana ganin ganyen yana laushi, yana baƙi daga gefe kamar takarda kusa da wuta. Da suka iso mararrabar da ake juyawa zuwa gidansa, sai ya ce wa direban ya miƙe. A bayan gidan Mai Aski akwai wani sito, nan suka sauke ta.

"Ina baƙuwar tamu?" in ji Malama da ya shigo hannu biyu.

"Tana hutawa a gidan Mai Aski. Hanya ta ɗan wahalar da ita, in ta warware gajiya sai ta ƙaraso."

"A inuwa kuka sa ta?"

"A inuwa sosai."

Bai yi ƙarya ba, siton ko taga ba shi da ita.

Tun da shago ya rufe ba shi da wurin zuwa, sai jinya ta zama aikinsa. Safe da yamma yana can. Tun da an raba ta da rijiyarta, ya ga ya kamata a rama mata, kofi ya zama bokiti. Ya sayo ƙasa ya danna a duron, ya toshe ramin gindin da tsumma don kada ruwan ya riƙa guduwa. Ya sayo takin zamani a bakin titi, mai sayarwa ya ce cokali ɗaya ya isa, shi kuwa ya duba girman majinyaciyar ya zuba cikin tafi. Wani ya ce masa leda tana riƙe danshi, ya lulluɓe rassan da babbar leda ya ɗaure bakin. Rufin siton kwano ne, da rana wurin kamar tanda. Duk wata hanyar kashe shuka da ɗan Adam ya sani, Mai Hoto ya bi ta da zuciya ɗaya, cikin tausayi.

Ganyen da bai ƙone ba ya koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya, ya fara zuba. Rassan suka yi laushi. Wani wari ya fara fitowa, irin na lambatu.

"Yaya mai jiki?" Malama kan tambaya in ya dawo.

"Da sauƙi."

"To Allah ya ƙara sauƙi." Sai ta ci gaba da abin da take yi. Sau ɗaya ta ce ko ta je ta duba ta, ya ce a'a, so yake ta gan ta da kyanta.

Matar Mai Aski ce ta gaji. Warin ya fara shigar mata kicin, ga buhunan gawayinta a waje don an cinye mata sito. Ta ɗauki waya ta kira Malama, wai gaisuwa. Da yammar ranar Mai Hoto yana tsugune gaban duro da bokiti ya ji ƙofar siton ta yi ƙara, haske ya shigo, sannan inuwar da ya fi sani a duniya ta faɗo a kan ledar.

Ba ta gaishe shi ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta kwance ledar ta ja gefe. Ta tura yatsa cikin ƙasar duron, ya fito da baƙin taɓo. Ta sunkuya ta leƙa gindin, ta ga tsumman, ta zare shi, ruwa mai wari ya kwararo har bakin ƙofa. Sannan ta ciro almakashi daga jaka, ta kama reshe ɗaya ta fara bin sa gaɓa-gaɓa tana dannawa da babban yatsa.

"Nan ta tafi," take cewa a hankali. "Nan ma. Nan ma."

Shi yana tsaye da bokiti, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Saiwa ta fita ta ƙasa, ko?" ta tambaya ba ta juyo ba.

"Ta fita."

"Kuka tsinke ta."

"Ba mu sani ba, Malama. Wallahi ba wanda zai ce..."

"Tun ranar kwasa?"

"Tun ranar."

Ta gyaɗa kai. "Da ka kawo min ranar, ko a ƙasa na watsar da su za su kama."

Ba da zafi ta faɗa ba. Irin muryar da take faɗa wa yaro amsa ce bayan an riga an karɓe takardun jarrabawa. Ya so a ce ta ɗaga murya, ta tuno masa da 'yan matan nan da dariyarsu, ta kira shi abin da ya cancanta, don mutum ya samu abin da zai kare kansa daga gare shi. Ba ta ba shi wannan sauƙin ba. Ta bi rassan nan kaf, masu tsawon da za su zagaye ɗakin, ta fito da 'yan guntayen da ba su cika hannu ba. Ta jiƙa hankici a famfon gidan ta naɗe su. A ƙofa ta ba matar Mai Aski haƙuri a kan siton, kamar ita ce ta yi laifin.

Ta jera su a kwalabe a kan dakalin baranda, inda haske ke zuwa amma rana ba ta dukan wurin. Kullum tana canja ruwan. Shi kuwa ya koyi tashi kafin ta farka, ya je ya tsaya gaban kwalaben hannu a baya, kamar mai ziyarar asibitin da aka ce kada ya taɓa komai. Ba wanda ya ce masa kada ya taɓa. Shi ya yanke wa kansa hukuncin.

Ɗaya bayan ɗaya suka yi baƙi daga ƙasa, ruwan ya gurɓace. Kowanne ya tafi, sai ta zare shi ta jefa a kwandon shara, ta matso da sauran. Guda ɗaya ya daɗe. Har ya fito da wani ɗan farin tsiro a gaɓa, kamar haƙorin jariri. Ranar Malama ta kira Auta a waya ta faɗa mata, ya ji muryarta daga ɗaki, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ya fara tunanin tukunyar da zai sayo, har ya tsaya a wurin masu tukwane ya taya wata. Bayan 'yan kwanaki tsiron ya yi ruwan ƙasa, reshen ya lanƙwashe a bakin kwalbar. Ta zubar da ruwan, ta wanke kwalaben da soso, ta mayar da su kicin.

Ya saci jiki ya koma tsohon layin, yana tunanin ko gindin saiwar da ya rage a ƙasa ya tsiro. An kewaye wurin da kwano. Ya leƙa ta wata kafa, ya ga rami wanda ya fi tsayin mutum zurfi, da mota mai haƙa tana hutawa a gefe. Ya yi ta ƙoƙarin gane inda famfon yake, ya kasa. Mai gadi ya tambaye shi ko aiki yake nema.

A gida ba abin da ya canja, abin da ya fi damunsa ke nan. Ana dafa abinci, ana gaisawa, ana tambayar lafiya. Ta ci gaba da shayar da tukwanenta, har da wadda Auta ta sayo, wadda ke ta yaɗo abinta ba kunya. Ya yi ta neman bakin da zai ba da haƙuri, amma duk jimlar da ya haɗa sai ta fito da kama da bayani. Rannan suna zaune a baranda dabara ta zo masa.

"Malama, ai ba ta ɓata ba."

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Ta Inna nake nufi. Tana rataye a bangon kowane gida a garin nan. Wa ya kai ta yawo? Bari in nemo wanda ya fi kyau, in wanke shi babba, in sa masa gilashi, mu kafa a nan."

"To," ta ce. "Nemo wanda ratsin ya fito. Ta Inna ratsinta daban ne, daga tsakiya yake farawa."

Ya jawo kwalayen da ya kwaso daga shago, cike da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba da waɗanda ya riƙa ajiyewa na talla. Suka shimfiɗa tabarma suka juye. Ba su yi aune ba sai hira ta ɓarke. Ga wance da mijinta na fari. Ga yaron nan mai kunnuwa, yanzu shi ne babban likita. Ga Mai Aski da gashi, abin da ko matarsa ba za ta yarda ba sai ta gani. Malama ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido, shi kuwa har ya fara ba da labarin yadda ake sa jariri ya kalli kyamara.

"To ina nawa?" ta ce da dariyar ta lafa. "Ware min na ganyen."

Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Ya tashi ya ɗauko gilashin da yake duba hoto da shi, ya koma bakin baranda inda haske ya fi, ya bi kwali na farko, ya bi na biyu. Malama ta daina tayawa, ta zauna tana kallon sa.

Shi mai hoto ne da ya san aikinsa. Idon mutum yake saita wa kyamara, bencin kuma ya janye shi daga bango don kada inuwa ta faɗa a baya. A kowane hoto fuskar ta fito tar, har gashin ido ana iya ƙirgawa. Bayanta kuwa kore ne kawai, dishi-dishi, ba a gane ganye ɗaya balle ratsinsa. Da koren zani aka rataya, haka zai fito.